Kuɗin mutane a cikin wayata

Sana'ata gyaran waya ce da sayar da kayanta, su caja da batir da gilashi, kuma shagona yana wajejen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina. Da POS ta shigo na haɗa da ita, kamar yadda kusan duk mai shago ya yi. Harkar kirifto kuwa, wato kuɗin intanet, larura ce ta kai ni. Kayan da nake sayarwa daga Sin suke zuwa, kuma an yi lokacin da tura wa mai kaya kuɗinsa ya fi neman kuɗin wahala. A 2022 bankuna suka yi ta datse abin da mutum zai iya kashewa a waje da katinsa na naira, har wasu suka mayar da shi dala 20 a wata, abin da ko kwalin gilashi ɗaya ba zai sayo ba. Wani abokina da muke haɗuwa wajen sarin kaya a Farm Centre ta Kano shi ya nuna mani USDT, wani nau'in kirifto, ya ce kowace ɗaya dala ɗaya ce, kuma dillalan da ke biyan 'yan Sin suna karɓa.

Har yau ina tuna yadda ya tallata mani abin. "Wannan kuɗin ba shi da ubangida," in ji shi. "Babu gwamnan babban banki, babu manaja, babu mai ce maka ka dawo gobe. Kai ne bankin kanka." Duk wanda ya taɓa yini a layin banki don a warware mashi kuɗin da suka maƙale ya san daɗin jin irin wannan magana.

Sai dai hanyar da muke bi mu saya cike take da iyayengiji. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, don haka ciniki ya koma tsakanin mutum da mutum, abin da ake kira P2P. Ka ga mai sayarwa a manhajar dandalin cinikin kirifto ka danna, dandalin ya riƙe USDT ɗinsa, kai kuma ka tura naira asusunsa na banki, kana kaffa-kaffa kar ka rubuta wani abu mai kama da kirifto a wajen bayani a rufe maku asusu ku biyun. In ya ga alat ya saki. In gardama ta tashi, wani ma'aikacin dandalin da ba ka san ƙasar da yake zaune ba shi zai duba rasit ya yanke hukunci, kuma daga shi ba ɗaukaka ƙara. A ciniki ɗaya ke nan ga banki biyu, ga kamfanin layi, ga dandali, ga alƙalin da ba a gani. Tunda kaya suna isowa Kano lafiya, ba wanda ke wannan lissafin.

Wanda bai zauna shagon waya a unguwa ba ba zai san irin sirrin da ake damƙa mamu ba. Mu ke buɗe wa mutane Facebook, mu ke zaɓa masu lambar sirri, mu ke tuna masu ita in sun manta. Dattijo zai miƙo maka katinsa na ATM ya faɗi lambobin da ƙarfi a gaban jama'a. To da aka ji ina harkar dala ta waya, sai aka fara zuwa. Ta farko Hajiya ce, ƙawar Innarmu tun suna amare, wadda ɗanta ke tuƙi a Jidda. Shi ya kira ni ya ce zai riƙa turo USDT ta wurina ina canza mata. Ana nan ana nan, sai ta lura abin da nake kai mata yana ƙaruwa wata bayan wata, alhali abin da yaron ke turowa bai canza ba. Ta aiko aka kira ni.

"Ɗan nan, ashe in an bar shi a dalar ƙaruwa yake yi?"

"Ba shi ke ƙaruwa ba, Hajiya, namu ne ke raguwa."

"To duk ɗaya. Bar shi a wurinka, in ina so zan aiko."

Daga ita sai Baffa, ƙanen mahaifina, mai harkar dabbobi tsakanin Mai'aduwa da Charanci, sai maƙwabtan shago, sai wani malamin firamare mai tara kuɗin aure. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan an sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, ya ƙara turo mani mutane, domin wanda ya kwana bakin ATM ya tashi hannu rabbana ya fara shakkar ko kuɗinsa na banki nasa ne. Duk waɗannan kuɗaɗe da sunana suke, da lambar NIN ɗina, da fuskata da na juya dama da hagu a gaban kyamara lokacin buɗe asusun. Abin da ya raba na Hajiya da na Baffa littafi ne na 'yan makaranta da nake ajiyewa a ƙasan durowa, kowa da shafinsa.

In na rufe shago na zauna haɗa lissafi, nakan kalli jimlar in tuna ba wanda ya san ta sai ni. Da zan ɗebi rabi in saro kaya, in juya in mayar kafin ƙarshen wata, Hajiya ba za ta sani ba. In ta aiko neman dala 50 in ba ta daga na Baffa, shafinta na nan da lambarsa daidai. Muddin ba rana ɗaya suka zo gaba ɗaya ba, littafin zai ci gaba da nuna kuɗin da babu su. Allah Ya tsare ni ban taɓa ba, kuma ba zan cika baki in ce ƙarfin imani ne kaɗai ba. Ina tsoron idon Inna, ina tsoron ranar da za a nuna ɗiyana a hanyar Islamiyya a ce ga 'ya'yan wanda ya ci kuɗin Hajiya.

Shi ya sa labarin FTX bai ba ni wuyar ganewa ba ko kaɗan. Dandali ne da ake lissafawa cikin manya na duniya, hedikwatarsa a Bahamas, fitattun 'yan wasa ke tallarsa. A Nuwamban 2022 mutane suka tsorata suka yi rububin cire kuɗinsu lokaci guda, cikin kwanaki aka dakatar da cirewa, aka iske giɓin kimanin dala biliyan 8. Mai shi, Sam Bankman-Fried, ya bar wani kamfaninsa mai suna Alameda yana ɗibar ajiyar mutane yana juyawa, alhali duk wanda ya buɗe manhajarsa kuɗinsa yake gani cif-cif. Lambar da ke fuskar waya shafi ce a littafin mai dandali, irin nawa na ƙasan durowa. A Maris na 2024 aka yanke mashi shekara 25. Kafin shi an yi na dandalin Mt. Gox a Japan a 2014, inda Bitcoin kusan 850,000 suka yi ɓatan dabo. Shi Bitcoin ɗin kansa tun da aka kunna shi a Janairun 2009 yana bin ƙa'idarsa, ba wanda ya ƙara ko ɗaya a kan miliyan 21 da aka ƙayyade. Wuraren da mutane ke kai shi ajiya su ke cinye su.

Nawa rabon ya zo a 2023. Akwai wani ƙaramin dandali na ƙasar waje, ba zan kama suna ba, da yawancinmu masu sarin kaya ke amfani da shi saboda kuɗin turawarsa da sauƙi, kuma dillalinmu a can yake karɓa. Jarina yana can, da wani kaso na ajiyar mutane. Wata safiya Baffa ya bugo daga kara ya ce ya yi cinikin shanu, in fitar mashi da kuɗi kafin azahar. Na danna cirewa, sai rubutu ya fito wai ana gyara, a ƙara haƙuri. Saka kuɗi kuwa yana aiki lafiya lau, ɓangaren fitarwa kaɗai ke buƙatar gyaran. Na rubuta wa masu kula da abokan ciniki, na'ura ta amsa mani da lambar ƙorafi. A zaurensu na Telegram duk wanda ya tambayi yaushe za a buɗe sai a goge saƙonsa, in ya maimaita a fitar da shi, wai yana yaɗa tsoro. Daga baya suka kulle zauren, ya zama su kaɗai ke magana.

Da magariba Baffa ya iso shagon da ƙurar kasuwa a jikinsa, ko zama bai yi ba. Na nuna mashi wayar, ga kuɗi nan a rubuce.

"To ga su nan, ba ni."

"Baffa, sun hana fitarwa."

"Su wa?"

"Masu kamfanin."

"Ina ofishinsu, Kano ko Abuja? Gobe da asuba mu kama hanya."

Na ce ba su da ofis a Najeriya. Ya ce to a ina suke. Na buɗe dogon rubutun sharuɗɗan nan da kowa ke danna ya yarda bai karanta ba, na iske sunan wani tsibiri da ko a taswira sai da na yi nema, kuma a ciki an rubuta ƙarara cewa suna da ikon dakatar da kowane asusu duk sanda suka ga dama. Baffa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wato mutumin da ba a san gidan ubansa ba shi ke riƙe da kuɗin shanuna." A kara shi ko akuya ba ya bayarwa bashi sai dillali ya tsaya wa mai saye, dillalin kuma an san ƙofar gidansa da ta surukansa.

Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu bayan asuba na kwashe labari na faɗa mashi. Tambaya biyu ya yi mani: ko na taɓa juya kuɗin don amfanin kaina, da ko wurin da na ajiye su wuri ne da na yarda in ajiye nawa. Na ce ban taɓa ba, kuma nawa ma suna ciki sun maƙale. Ya ce a fiƙihu wanda aka ba ajiya amini ne, in ta salwanta ba da sakacinsa ba babu ramuwa a kansa. Har na fara jin sanyi sai ya ƙara da cewa, "Wannan hukuncin littafi ne. Zaman unguwa kuma kai ka san shi." Na sayar da babur ɗina da wani fili da nake da shi a hanyar Daura, na biya kowa. Hajiya ba ta ma san an yi ba sai da Inna ta gaya mata. Dandalin daga baya ya buɗe cirewa kaɗan-kaɗan, da iyakar da su suka yanka, wata rana kuma shafin ya daina buɗewa gaba ɗaya. Abin da na fitar bai kai rabi ba.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne ni da masu dandalin aiki ɗaya muke yi, riƙon kuɗin wani da littafi. Amma ni ana iya tare ni a ƙofar masallaci, a kai ƙarata wurin mai unguwa, a haɗa ni da 'yan sanda, ko a je ɗakin Inna a zauna a yi ta kuka har sai an biya. Su ikonsu ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma ba inda za a je a same su. Banki ma, duk da jidalinsa, in ya rushe akwai hukumar inshorar ajiya ta NDIC da ke biyan mai ajiya har naira miliyan 5 tun da aka ɗaga adadin a 2024, kuma an ga hakan da aka soke lasisin Heritage Bank a Yunin shekarar. Ajiyar kirifto ba ta cikin wannan inshorar.

Bayan wannan na ƙuduri sauke kayan mutane daga kaina, kowa ya buɗe walat tasa, irin wadda makullinta ke hannun mai ita. Makullin kalmomi ne 12 na Turanci da manhajar ke zaɓowa daga jerin kalmomi 2,048. Duk wanda ya san su a jere kuɗin sun zama nasa, ko yana Katsina ko yana Sin, in kuma sun ɓata ba kamfanin da zai dawo da su. Ta Hajiya ta fi ba ni aiki. Na je gidan da la'asar, aka shimfiɗa mani tabarma a tsakar gida, na kira jikanyarta 'yar aji biyar na sakandare na ba ta biro da takarda. Na nuna mata inda za ta danna, sannan na juya na fuskanci bango.

"Kai kuma lafiya?" in ji Hajiya.

"Ba na son in gani, Hajiya. In na gani, ko bayan shekara goma ne zan iya kwashewa, ba kuma wanda zai san ni ne."

"Kai da kuɗin ke hannunka tuntuni?"

"Shi ya sa, Hajiya."

Ta ce a rubuta mata da ajami tunda shi take karantawa. Na ce ajami ba zai riƙe Turanci harafi da harafi ba, nan kuwa harafi ake bi. Yarinyar ta rubuta ta maimaita, manhajar ta jarraba ta ta ci. Hajiya ta ninke takardar ƙanana ta naɗe a leda, washegari ta tafi da kanta ta tsaya a kan baduku ya ɗinke mata ita a fata, ta rataya cikin layunta. Ba ta ji daɗin abin ba, kuma ba ta ɓoye mani ba. Ta ce da tana da mutum, yanzu an bar ta da takarda da yarinyar da gobe za a kai ɗakin miji. Gaskiyarta ce. Ikon bai koma hannunta ba, daga wurina ya tashi ya koma wurin jikanyar.

Ko wanda ya iya da kansa, akwai hannayen da ba ya gani. USDT ɗin da muke kira dala alkawari ne na kamfanin Tether cewa akwai dala ko kadarar da ta kai ta a ajiye, kuma kamfanin na iya daskarar da abin da ke kowane adireshi, wato lambar walat, ko da kalmominka suna cikin laya. Yana yi in hukumomi sun nema. Galibi 'yan damfara ake yi wa, ba na musu, amma maɓallin yana nan. Bitcoin ba shi da wannan maɓallin, sai dai mai tara kuɗin aure ba zai jure abin da kan zubar da kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa a mako guda ba. Sai kuma gwamnati. Mu a jihar nan mun ga an kashe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, aka shafe watanni, kuma mutumin Batsari ko Safana ko Faskari a lokacin ko walat goma gare shi sai ya hau mota ya nemo sabis. A Disamban 2023 Babban Banki ya janye haramcinsa muka ce an huta. Wata biyu tsakani dala ta haura naira 1,500, gwamnati ta zargi kasuwar P2P da karya naira, aka toshe shafukan wasu dandali, aka tsare jami'an babban dandalin nan Binance biyu a Abuja, a Maris kamfanin ya daina hulɗa da naira. Matasan da ke ci a wannan kasuwa suka wayi gari suna neman inda za su koma. Ita eNaira, nairar waya ta Babban Banki da marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Oktoban 2021, ko ba komai ba ta ɓoye mai ita ba, sai dai ban ga wanda ya zo shagona ya ce zai biya da ita ba.

Yaran da ke cika mani benci suna cajin waya, 'yan mainin, masu danna waya don tara kirifto kyauta, su ma iyayengijinsu na nan. Tun 2019 wasu ke danna wata kirifto mai suna Pi kullum, ba a buɗe ta ga kasuwa ba sai 20 ga Fabrairun 2025, kuma sai wanda ya tsallake tantancewa. Da wata mai suna Notcoin ta fashe, wato ta shiga kasuwa, a Mayun 2024 wasu suka samu, sai gari ya rikice da danne-danne, kowa da waya biyu uku. A waɗanda suka biyo baya masu abin su ke sa ranar fashewa, su ɗage ta, su faɗi nawa kowa zai samu, su cire wanda suka ce ya yi maguɗi. In na yi wa yaro magana sai ya ce, "Oga, ai ko sisi ba mu saka ba." Data da caji da hoton katinsa na ɗan ƙasa da ya tura wa mutanen da bai sani ba, duk ba ya lissafa su. Waɗanda suka saka sisin kuwa an ga yadda ta kaya da CBEX a Afrilun 2025, mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, kamar ba a yi MMM a 2016 ba. Dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris na 2025 ta sa harkar a ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wadda tun Agustan 2024 ta ba dandalin Busha da na Quidax amincewar farko. Rajista ba ta hana rushewa, amma tana samar da abin da Baffa ya nema a daren nan, ofishin da za a kama hanya a je.

Da a nan abin ya tsaya da na ce kowa ya riƙe makullinsa kawai. Amma bara wani abokin sana'armu ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai taka-tsantsan, ko sisi ba ya bari ya kwana a dandali, komai nasa yana walat tasa. Bayan sadakar bakwai yayansa ya kawo mani ragowar wayar a leda, allon cikinta ya karye biyu, ba abin da za a ceto. Adireshin walat ɗinsa yana wurina domin ni nake tura mashi, na buɗe Tronscan, shafin da ke nuna abin da ke cikin adireshi, na nuna wa yayan, ga jarin mamacin nan a fili kowa na iya gani. Matar ta birkice ɗaki, littattafai da aljihunan riguna da cikin gafaka, ba a ga takarda ba. Yayan ya ce in rubuta wa kamfanin, za su kawo takardar asibiti da ta kotu. Na ce mashi walat irin wannan ba wanda ke riƙe da makullinta sai mai ita, abin da marigayin ya zaɓa ke nan. Ranar rabon gado malamin ya yi ta juya maganar, dukiya ce da ake gani amma ba a iya taɓawa, ga marayu ƙanana. Daga ƙarshe ya sa aka rubuta adireshin a takardar rabon, ya ce in Allah Ya bayyana kalmomin a raba bisa wannan kason, aka ci gaba da shago da babur da sauran tarkace.

A makon na raba nawa kalmomin gida biyu, shida na farko wurin matata, shida na ƙarshe wurin Yaya, na rubuta yadda za a haɗa su a cikin wasiyyata. Matata ta karɓi nata ta ce ita ba ta gane ba, shekara da shekaru tana riƙe mani makullin shago da na akwati, sai yau za a ba ta rabin makulli. Yaya kuma ya tambaye ni ko in ya haddace nasa zai iya ƙona takardar. Na ce a'a, ya bar ta.